Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga marubutan Hausa masu mayar da jarumansu jiya

Assalamu alaikum.

'Yan uwa marubuta, maza da mata, musamman ku da kuke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ina gaisuwa, ina kuma yi muku sannu da ƙoƙari. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare. Alli ya ci hannuna shekara da shekaru, amma ko gajeren labari ban taɓa rubutawa ba. Za ku ce to me ya kai ni shiga sharo ba shanu. Ɗiyar yayata ce ta jawo.

Wata Asabar da la'asar ina zaune a kan tabarma ina makin takardun gwaji, ta zo ta durƙusa da wayar mahaifiyarta a hannu. Ta ce, "Kawu, wai da gaske ne Einstein ya ƙera agogon da ke mayar da mutum baya?" Na ajiye jan biro na ce wa ya faɗa mata. Ta miƙo min wayar. Labarin wata budurwa ne da ta gaji agogon hannu daga mahaifinta farfesa, in ta murɗa shi sau uku sai ta koma shekarun baya, burinta ta hana mahaifiyarta shiga motar da ta yi hatsari. Ba zan ɓoye muku ba, na karɓi wayar don in yi faɗa, sai ga ni har bayan isha'i ina ta karatu, takardun yara na nan yashe. Marubuciyar ta iya riƙe mai karatu. Amma a shafi na huɗu ta sa farfesan yana cewa "kamar yadda Einstein ya tabbatar", kuma a nan ne ni da ita muka raba gari. Bayan mako biyu wani ɗalibina ya rubuta min kusan wannan jimlar a takardar gwaji. Ashe duk unguwar ake karanta labarin.

Ba ni da rigima da abin da ba zai yiwu ba. Da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi muka tashi, kuma in kun sa aljani ya ɗauki jarumarku ya dire ta a zamanin da, ba mai tambayarku lissafi. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya, don haka ba yau muka fara ba. Amma da zarar kun ɗora sunan kimiyya a kan abu, yara na ɗauka a matsayin darasi, kuma ku sun fi saurara fiye da mu. Tunda haka ne, bari in shimfiɗa muku abin da kimiyyar ta ce, don ina ganin kuna barin nama kuna guigar ƙashi.

Tafiya gaba a cikin lokaci gaskiya ce, an auna ta. A 1905 Albert Einstein ya ɗauki wani abu da gwaje-gwaje suka yi ta nunawa ya yarda da shi har ƙarshe: haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma duk wanda ya auna, ko a tsaye yake ko a guje, wannan adadin zai samu. Ku ɗauki yaro a cikin jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja yana cilla lemo sama yana cafewa. A idonsa lemon ya hau ya sauko a miƙe. Mutumin da ke tsaye a gona yana kallo ta taga kuwa, ya ga lemon ya yi doguwar hanya a karkace, saboda kafin ya sauko jirgin ya yi gaba. Da lemo babu matsala, sai mu ce gudun jirgin ya ƙaru a kan nasa. To ku sa haske a madadin lemon, yana kai da kawo tsakanin madubi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a rufi. Na gona ya ga hanya ta fi tsawo, amma gudun haske ba ya ƙaruwa. Abin da ya rage kawai shi ne lokacin ya fi tsawo a wurinsa. Agogon cikin jirgi ya yi jinkiri ke nan, kuma ba agogo kaɗai ba, har bugun zuciyar yaron da narkewar abincin cikinsa da tsufansa. Shi ba zai ji komai ba. Sai ya sauka an gwama agogo biyu za a gani.

A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin da ke jan abu ya faɗo ƙasa shi ma yana rage wa lokaci gudu. Wanda ke kusa da abu mai nauyin gaske, agogonsa ya fi na wanda ke nesa jinkiri. (Wannan ƙarfin ne wasu ke fassarawa da maganaɗisu, abin na ci min tuwo a ƙwarya. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa har auduga da hayaƙi bai bari ba.) Gwajin farko da ya ɗaga sunan wannan nazari ma a maƙwabtanmu aka yi wani ɓangarensa: ranar 29 ga Mayu 1919 masanin taurari ɗan Ingila Arthur Eddington ya ɗauki hoton kusufin rana a tsibirin Firinsipe, can cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, aka ga hasken taurari ya lanƙwasa da ya ratsa gefen rana.

A watan Oktoba na 1971 wasu Amurkawa biyu, Joseph Hafele da Richard Keating, suka sayi tikitin jirgin fasinja, suka ɗora agogunan atam guda huɗu, masu auna lokaci da tsananin daidaito, a kan kujeru, suka zaga duniya ta gabas, sannan ta yamma. Da suka gwama da agogunan da aka bari a ƙasa, na tafiyar gabas sun yi baya da kashi 59 cikin biliyan na sakan, na yamma sun yi gaba da kashi 273. Ya yi daidai da lissafi gwargwadon abin da na'urorin ke iya aunawa. In kun ce wannan ai ƙanƙanin abu ne, ku duba wayar da kuke rubutu da ita. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da nisan kilomita 20,200. Gudunsu na rage wa agogunansu kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum, nisansu da ƙasa kuma na ƙara musu kashi 45, saura 38 ke nan na gaggawa. Da injiniyoyi ba su gyara wannan ba, da taswirar waya za ta riƙa kauce wa gaskiya da kimanin kilomita 10 a kowace rana. Mai adaidaita da ke bin taswira don kai kaya Sabon Gari, da kafin mako ya zagayo an nuna masa yana wata jihar.

Wanda na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne wani ɗan mitsitsin abu da ake kira miyuwon. Ana haifarsa a can saman iska, nisan kamar kilomita 15, idan ɓarɓashin da ke zuwa daga sararin samaniya ya daki iskar duniya. Tsawon ransa kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan. Ko da gudun haske yake yi, bai kamata ya wuce mita 660 ba kafin ya mutu. Amma ga shi yana isowa ƙasa da yawa. Nakan ce wa yara su buɗe tafin hannu, in ce musu kusan kowane sakan ɗaya na ratsa shi. Sai ka ga wasu sun yi sauri sun dunƙule hannun. Abin da ya kawo shi nan shi ne tsananin gudunsa ya ja masa lokaci.

Matsalar ɗan'adam ita ce mu masu nauyi ne. Ɗan sama jannatin Rasha Gennady Padalka ya tara kwana 878 a sararin samaniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, duk abin da ya ci riba kimanin kashi 2 ne cikin 100 na sakan. Abu mafi gudu da mutum ya taɓa ƙerawa shi ne kumbon Parker da ke binciken rana, wanda a Disambar 2024 ya kai kilomita 692,000 a awa. Kano zuwa Legas a kamar sakan biyar ke nan, amma bai kai kashi 1 cikin 1,000 na gudun haske ba. Sai an kai kashi 87 cikin 100 na gudun haske kafin shekara ɗaya ta matafiyi ta zama biyu a gida. A kashi 99 ta zama bakwai, a 99.5 ta zama goma. Babu wata doka da ta hana, man da za a ƙona ne babu. Wannan giɓin marubuci na da haƙƙin ya tsallake shi, ya ce an ƙera kumbon kawai. Haka masu fim ɗin Interstellar na 2014 suka yi, suka ajiye wata duniya a bakin baƙin rami, wato abu mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, inda awa ɗaya ke daidai da shekara bakwai a gida, kuma masanin fiziks Kip Thorne ne ya zauna ya yi musu lissafin. Sun ƙirƙiri kumbo, amma ba su ƙirƙiri doka ba.

Komawa baya kuwa, nan gizo ke saƙa. Ba zan ce muku an tabbatar ba zai yiwu ba, don lissafin Einstein bai rufe ƙofar da kwaɗo ba. A 1949 abokinsa Kurt Gödel ya nuna cewa da a ce dukkan samaniya juyawa take yi kamar dutsen niƙa, da akwai hanyar da mutum zai bi ya dawo jiyansa. Sai dai tamu faɗaɗa take yi, ba a ga alamar irin wannan juyin ba. Sai kuma abin da ake kira ramin tsutsa. Ku ɗauki gwaiba: tururuwa na zagayawa ta bayan ɓawo, tsutsa kuwa ta huda ta ciki ta ɓullo ɗaya gefen. Einstein da Nathan Rosen sun ci karo da irin wannan gada a lissafi a 1935, amma daga baya aka gano tana rufewa tun kafin ko haske ya ratsa. A 1988 Thorne da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa in aka samu abin da zai tokare ramin ya zauna a buɗe, aka ɗauki baki ɗaya aka yi gudu da shi aka dawo, bakunan biyu za su saɓa a lokaci, wanda ya shiga ta nan zai fita a baya. Abin tokarewar sai ya kasance yana da makamashi ƙasa da sifili, wanda ɗan burbushinsa kawai aka taɓa gani a ɗakin gwaji. Ramin kansa ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya.

Ga kuma sharaɗin da ban taɓa ganin ɗayanku ya kiyaye ba. Irin wannan na'ura ba ta kai mutum baya da ranar da aka gina ta. In yau aka buɗe ramin, jikokinmu za su iya ziyartar yau, mu kuwa ba mu da hanyar zuwa jiya. Duk mai son jarumarsa ta je ta ga ana gina ganuwar Kano, sai ya fara gaya mana wa ya haƙa ramin a wancan zamanin, kuma ni a ganina wannan tambayar kaɗai ta isa littafi. Akwai ma ta wuri. Duniya na zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan. Budurwar nan da ke murɗa agogo a ɗakinta ta koma wata shida baya, in a inda take tsaye za ta ɓulla, duniya na can ɗaya gefen rana, ita kuwa tana shawagi a duhu da atamfarta. Ko H. G. Wells, wanda littafinsa na 1895 ya yaɗa wannan salo na injin tafiyar lokaci, bai kula da wannan ba, don haka ba ku kaɗai ba ne.

Masanin fiziks ɗan Ingila Stephen Hawking ya yi zaton cewa yanayi da kansa zai rusa duk wata na'ura irin wannan a daidai lokacin da za ta fara aiki, ya wallafa hakan a 1992 a matsayin hasashe, bai ce hujja ba ce. Mutum ne mai barkwanci. Ranar 28 ga Yuni 2009 ya shirya walima a jami'ar Kambirij don matafiya daga gobe, aka jera abinci, amma bai saki katin gayyata ba sai da aka tashi. Ya zauna ya jira. Ko ƙuda bai leƙo ba.

Abin da ya fi ɓata min rai a labarin da ɗiyar yayata ta kawo ma ba kimiyyar ba ce, saɓa alkawari ne. A farko jarumar ta koma baya ta fasa wani tulu, da ta dawo ta tarar babu tulun, wato abin da aka taɓa a jiya yana canja yau. Can gaba kuma ta koma ta ɓata baikon iyayenta bisa kuskure, ta dawo ta tarar da kanta lafiya lau a gidan ubanta. To wa ya haife ta? In auren bai yiwu ba babu ita, in babu ita babu wanda ya ɓata baikon, sai a yi auren, sai a haife ta, sai ta je ta ɓata. Masana sun daɗe suna juya wannan ƙulli. Igor Novikov na Rasha ya ce tarihi ɗaya ne tak, duk abin da matafiyi zai yi a baya ya riga ya yi shi. Ta je hana mahaifiyarta shiga mota, sai tsayar da ita da ta yi a bakin tasha ya sa matar ta rasa motar farko ta shiga ta biyu, wadda ita ce ta yi hatsarin. Mai karatun Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san bakin alƙalami ya bushe. Wasu kuma, bisa tunanin da Hugh Everett ya kawo a 1957, suka ce tarihi reshe yake yi. Ta ceci matar, amma a wani reshe daban, inda akwai wata yarinya mai kamarta da ke da uwa. Tata uwar na nan a kabari, ita kuma ta zama baƙuwa a gidan da take ganin nasu ne. Ku zaɓi wadda ta yi muku, duka biyun suna sa hawaye. Abin da ban yarda ba shi ne a shiga da wannan a fita da waccan saboda labari ya cije.

Dalilin da ya sa jiya ke da wuyar kamawa kuna ganinsa kullum a ƙwarya. A dama fura da nono, sannan a ce a ware kowanne gefensa. Babu dokar da ta hana ƙwayoyin gero su taru wuri ɗaya da kansu, sai dai hanyoyin cakuɗewa sun fi na warewa yawa nesa ba kusa ba, har ta kai ko ludayi zai shekara dubu yana juyawa ba za a dace ba. Wannan ne ke ba lokaci fuska da ƙeya. Da Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, bai yi nisa da abin da muke koyarwa a aji ba. Kallon baya dai kyauta ne. Hasken rana na yin minti 8 da sakan 20 kafin ya iso mu. In dare ya yi a lokacin sanyi ku nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama: hasken da zai shiga idonku ya baro can kimanin shekara 440 da suka wuce, fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804.

Roƙo ɗaya kafin in rufe: ku bar labarin Ashabul Kahfi a inda Alƙur'ani ya ajiye shi. Na sha ganin ana cewa shekara 309 da suka yi a kogo lissafin Einstein ne. Aya ce daga ikon Allah, ba ta jiran sa hannun wani masani, kuma lissafin da ake jingina mata bai ma hau ba, tunda ba gudun da ya kusa na haske suka yi ba, ba kuma a bakin baƙin rami kogon yake ba. Amma ku lura da abin da ya sa labarin ke ratsa zuciya: mutum ya shiga kasuwa da kuɗin azurfarsa don sayen abinci, yana zaton jiya ya bar garin. Duk wanda ya riƙe tsohuwar dubu ɗaya a farkon 2023 mai shago yana girgiza masa kai ya ɗanɗana kaɗan daga wannan.

Ga kyauta na ba ku, wanda ya ga dama ya ɗauka. Magidanci ɗan shekara 30, an zaɓe shi cikin ayarin da zai je wani tauraro mai nisan shekarar haske 35, wato tafiyar da haske ke yi a shekara 35, a kumbo mai gudun kashi 99 cikin 100 na haske. Ya tashi kwana uku bayan sunan 'yarsa ta fari, ƙamshin ragon suna bai bar gidan ba. A agogonsa tafiyar shekara 10 ce, zuwa da dawowa. Ya sauka yana ɗan 40, furfura ɗaya biyu a gemu, da 'yar tsana a jaka da ya tanada wa yarinya 'yar shekara goma, don zuciya ba ta jin lissafi ko da kai ya sani. A gida an yi shekara 70 da 'yan watanni. Matarsa ta rasu da daɗewa. An raba gado ko ba a raba ba? Ta jira shi ne, ko alƙali ya raba auren ta yi wani? Azumi goma ya yi a hanya, garinsu an yi fiye da saba'in, wanne ne a kansa? Kada ku ce wannan tambayar wasa ce: a 2007 da ɗan sama jannatin Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai je tashar sararin samaniya cikin Ramadan, inda rana ke fitowa sau 16 a kwana guda, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi salla da azumi. Ku je ku tambayi malamai, ku sa amsarsu a bakin wani a labarin.

Sai a kai shi zauren wani gida da bai sani ba. A fito da wata tsohuwa tana dogara sanda, jikoki na riƙe da ita, kowa na ce mata Hajiya Kaka. Sunan da ya raɗa mata da bakinsa, babu mai kiranta da shi a raye.

Na ba ɗiyar yayata wannan a kan tabarmar nan, bayan na mayar mata da wayar. Ta yi shiru, can ta ce, "To Kawu, wa zai durƙusa wa wani?" Na ce wannan ba ya cikin manhajar da nake koyarwa, amma zan tambayi masu abin. Ga shi na tambaya. In wani cikinku ya tashi rubutawa kuma lissafin shekarun ya rikice masa, ya nemi malamin fiziks na makarantar da ke kusa da shi, aikin minti biyar ne a bayan takarda, kuma na san zai ji daɗin an tuna da shi.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin fiziks da ke karanta ku a ɓoye